Gwiwar Da Ba A Ɗaure Ba

"Auta, sake yi mu gani."

Dogo ya faɗi haka ko kai bai ɗaga ba. Duk wanda ya taɓa leƙa zauren wasan kwalejin da la'asar ya san halin wannan koci: wasu ƙwallo suke kallo, shi ƙafafu yake saurare. Sai ya zauna a ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, usur na lilo a wuyansa, yana jin kukan takalma a kan katako. Yaransa sukan ce ko ido aka rufe masa, zai gaya maka wanda ya yi tsalle da wanda ya zo bai ci abincin rana ba.

Auta ya rugo, ya tashi sama, ya zura ƙwallo a kwando, ya dira. Abokan wasa suka ɗauki ihu. Dogo bai taya su ba, domin abin da ya ji ɗazu shi ya sake ji. Maimakon dira biyu, dim-dim, dira ɗaya ce mai nauyi, sannan wata 'yar taɓa ƙasa irin ta mai tsoron taka garwashi.

Ya ɗago ya duba. Farin bandeji na nan a gwiwar hagu, kuma a kan hagun yaron yake sauke nauyinsa duka.

Nan take ya gane.

Babu wanda bai san farin bandejin nan ba a garin. Shekarun baya, lokacin Dogo ne tauraron kwalejin, da shi ya fito wasan ƙarshe a gwiwar hagu. Ya ci makin da ya kafa tarihi, ya ɗauko kofi, sannan ya zube a tsakiyar fili, bai sake bugawa ba har yau. Tun daga nan samarin gari ke ɗaura farin ƙyalle a hagu don ado.

Abin da gari bai sani ba, dama ce ke ciwo a ranar. Hagu ya ɗaure don abokan hamayya su yi ta dukan mai lafiya, kocinsa ma idan ya matsa ya ji ta garau. Ya ɓoye maganar, bai ƙara sa gajeren wando ba. Auta kaɗai ya taɓa gaya wa, wata rana yana jiran yayar yaron a ƙofar gidansu, hira ta yi daɗi. Shi labarin wauta ya bayar. Ashe Auta dabara ya ɗauka.

Da aka tashi, ya tsayar da shi a ɗakin sauya kaya.

"Tsaya da ƙafar dama kaɗai."

"Haba Koci, sai ka ce zakara?"

"Tsaya."

Auta ya ɗaga hagu. Murmushin bai kai ko'ina ba ya gudu, ya yi wuf ya dafa bango.

"Tun yaushe?"

"'Yar targaɗe ce fa. Kafin Asabar ta sake ni."

"Ni za ka yi wa wayon da ni na ƙirƙiro?"

Nan yaron ya durƙusa, idanu suka kawo ruwa. "Koci, don girman Allah. Maki bakwai ya rage in kamo tarihinka, kuma mutanen babban kulob za su zo kallo. Ka san sharaɗin Baba. Ya ce ranar da na shigo gida ina ɗingishi, ƙwallo ta ƙare, sai zaman shago. Ka yi min alkawari ba za ka gaya masa ba."

Dogo ya daɗe yana kallon ƙeyarsa.

"Bakina ba zai faɗa ba. Na yi alkawari."

"Na gode, Koci, na…"

"Amma ba za ka taka filin nan ranar Asabar ba."

* * *

Washegari a matakalar bayan ɗakin karatu ya sami yayar Auta, inda suka saba haɗuwa idan ta tashi aiki. Ɗalibai Malama suke ce mata. Shi kuwa tun ranar da ta ce masa sai ta hau kujera kafin ta ga fuskarsa yake kiranta Gajera, ita ma ba ta taɓa kiransa Koci ba.

Yau babu tsokana. Idanunta sun yi ja.

"Ya gaya miki ke nan."

"Ni ke kai masa ƙanƙara ɗaki kullum a cikin tawul, kada Umma ta gani." Ta share ido da gefen mayafi. "Rantsar da ni ya yi, Dogo."

Ya zauna matakala uku ƙasa da ita, don fuskokinsu su daidaita.

Shekara ta kusa zagayowa yana neman auren nan, mahaifinta na juya shi. Mai Fenti, kamar yadda kowa ke kiran tsohon, ba maƙiyinsa ba ne. A da babu mai sonsa kamar shi, har yau hotonsa na wasan ƙarshe na rataye a shago, sama da gwangwanayen fenti. Amma so a fili daban, ba da 'ya daban. Cewa yake yi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ke cin abinci da busa usur ba, wanda ya gama cin zamaninsa tun yana saurayi. Sai kwanan nan, da Auta ya fara haskawa a hannun Dogo, ya ɗan sassauto. Ya ce, "Bari mu ga Asabar. Idan yarona ya haska a gaban baƙin nan, ka turo manyanka."

"Mai Motoci ya sake zuwa jiya kan maganar neman aurena," in ji ta. "Ya zauna da Baba a falo har shayi ya huce. Shi ya saya muku riguna, shi zai kawo baƙin, yanzu kuma gani yake har ni ina cikin kayan da ya yi oda. Ka san me ya ce? Wai Baba ya zuba ido, ba za ka taɓa barin wani ya goge sunanka daga allon zauren nan ba."

"Ke me kika ce?"

"Ina bayan labule, me zan ce? Tire na kusa saki."

Ta matso. "Ka sa shi na ɗan lokaci mana. Maki bakwai ne fa. Auta kan ci bakwai kafin mutane su gama zama. Yana ci ka fitar da shi. Baba ya ji daɗi, baƙi su gani, mu ma mu huta. Na gaji, Dogo. Na gaji da fitowa gaida mutumin da ke kallona kamar motar da ya taya."

"Ni ma ɗan lokaci na ce wa kaina."

"To ka gaya wa Baba gaskiya!"

"Na yi alkawari. Ke ma kin yi."

"Alkawarin da zai raba mu?"

Ta fashe da kuka sosai, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ciki. Ya miƙa mata hankici, ta ture, sannan ta fizge.

Da ta ɗan tsagaita ta dube shi ido cikin ido. "Zan tambaye ka abu ɗaya, kada ka yi min ƙarya. Ka tabbata saboda gwiwarsa ce kawai? Babu ko ɗigon abin da Mai Motoci ya faɗa?"

Tambayar da yake gudu ke nan tun la'asar ɗin jiya. Yana iya cewa babu, kuma za ta yarda.

"Akwai," ya ce a hankali. "Da na ji dirar nan tsoro na fara ji. Amma a bayan tsoron wani abu ya ɗan saki numfashi a ƙirjina, ya ce sunanka ya tsira. Na ji shi, Gajera. Ban san yadda zan kore shi ba."

Ya juya usur ɗin a hannu, ya ci gaba.

"Na yi ta juya abin. Idan na sa shi don in nuna wa kaina ni ba mai hassada ba ne, to da gwiwar ƙaninki na wanke zuciyata. Idan na hana shi, mugun abin nan da ke cikina ya sami yadda yake so. Ko ta ina ban fita fes ba. Sai na ga gara ni in zauna da dattina, shi ya zauna da ƙafarsa."

Ta miƙe ta gyara jaka. Ya ɗauka shi ke nan. Ta sauko har matakalar da yake, ta tsaya.

"Wallahi kai wahalallen mutum ne. Wasu su ce 'ina sonki' su wuce wurin, kai sai ka kafa wa kanka kotu." Ta ja hanci. "Idan Baba ya rufe ƙofa, ni ban san abin da zan yi ba. Ban yi maka alkawarin komai ba."

Ta tafi da hankicinsa.

* * *

Ranar Asabar zauren ya cika har tagogi. Baƙin babban kulob na layin gaba, Mai Motoci a tsakiyarsu yana ta nuna musu abubuwa da makullin mota. Mai Fenti na gefe cikin sababbin kaya, ya zo da maƙwabtan shagonsa duka.

Aka busa usur, Auta na kan benci.

Da farko mutane sun ɗauka dabara ce. Da abokan hamayya suka fara tserewa, sai kira ya tashi daga sama: "Auta! Auta!" Yaron ya haɗa kai da gwiwa. Can wani ya kwarara murya, "Koci, ji tsoron Allah! Tarihi ba gadon gidanku ba ne!" Dariya ta ɓarke, wasu suka karɓa da "Mai hassada!" A zauren da aka taɓa ɗaukarsa a kafaɗa, yau robar ruwa aka jefo ta faɗi kusa da takalminsa.

Bai waiga ba.

Ana tafiya hutun rabin lokaci, ƙofar ɗakin sauya kaya ta bugu da bango. Mai Fenti ne, Mai Motoci na biye, Gajera ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa yatsu. Dogo ya sallami sauran yaran su je su motsa jiki. Auta kaɗai ya rage a kan benci.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Riƙe sannunka. Me yarona ya yi maka?"

"Babu abin da ya yi min."

"To me ya hana shi shiga?"

"Hukuncina ne, Baba."

"Ka ji ko?" Mai Motoci ya tafa hannu. "Ranka ya daɗe, ai na faɗa. Baƙin nan har sun fara duba agogo. Ni fa kunyata ake ci."

Magana ɗaya za ta wanke shi, tana nan a kan harshensa. Ya dubi Auta, yaron na girgiza masa kai a ɓoye. Ya dubi Gajera, ta kawar da fuska. Ya haɗiye maganar.

"Kada ma ka ce min ciwo," in ji Mai Fenti yana huci. "Da na ga bandejin nan, da hannuna na kwance shi jiya. Na matsa gwiwar, na lanƙwasa, na miƙe. Lafiyarta lau, ado ne irin na yaran yanzu. Kuma ko da ciwon ne, kai ba da gwiwa ɗaure ka ci mana kofi ba? Ina wurin! Da aka fitar da kai ka huta, ni na fara kiran a mayar da kai, har muryata ta dishe. Kai an bar ka ka zama Dogo, shi za ka danne shi?"

Dogo ya ji maganar har cikin ƙashi. Bai yi niyyar komai ba, ko kuma ya yi, shi kansa daga baya ya kasa rabewa. Ya zauna a bencin da ke fuskantarsu, ya kama ƙafar wandonsa ta dama, ya naɗe ta a hankali har sama da gwiwa.

Tabon ya fito, dogo, mai kauri, da sawun ɗinki gefe da gefe. Gwiwar kanta ta karkace kamar ba tasa ba.

"Ga abin da kofin ya ci, Baba."

Mai Fenti ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya. Ya ƙura wa tabon ido.

"Wannan ai dama ce."

"Dama ce."

"Amma hagu ka ɗaure. Hoton na shagona, kullum ina ganinsa. Hagu ka ɗaure."

"Hagu na ɗaure, Baba."

Tsohon ya juya a hankali. Ya dubi farin bandejin ɗansa, sannan ya dubi ɗayar gwiwar, wadda ba a ɗaure ba, wadda bai taɓa ba jiya.

Auta bai taɓa ganin tabon ba. Labari ya ji, kuma labari ba shi da sawun ɗinki. Ya kalla, ya sake kalla. Da kansa ya sa hannu ya warware bandejin, ya yar a ƙasa.

"Dama ce, Baba. Ko matakala ba na iya sauka sai na dafa."

"Inna lillahi," in ji Mai Fenti. Ya durƙusa da sababbin kayansa a kan jiƙaƙƙen siminti, ya ɗora tafin hannu a gwiwar. Yaron ya zabura. Tsohon ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Ranka ya daɗe," Mai Motoci ya matso, "wannan ai ba wani abu ba ne. Akwai allurar da ake yi, ya shiga ya ci bakwai ɗinsa ya fito. Baƙin nan ba za su sake…"

"Fita."

"Na'am?"

"Na ce fita. Je ka taya baƙinka duba agogo."

Gajera ta matsa gefe ta ba shi hanya, har da buɗe masa ƙofar sosai.

Mai Fenti bai tashi daga durƙuson ba. "Koci, tana warkewa?"

"Idan likita ya gani yanzu, ya huta yadda aka ce, ina sa rai. Tawa ma da ta warke." Ya sauke wandonsa. "Baba, alfarma ɗaya nake roƙo, ba tawa ba. Sharaɗin nan naka shi ya sa ya ɓoye. Yaron nan ya fi ni. Wallahi ya fi ni, kuma faɗin haka bai zo min da sauƙi ba. Kada a zaunar da shi a shago."

Tsohon ya miƙe, ya kaɗe kayansa. Aka busa usur a waje.

Abin da mutane suka gani bayan hutu, an daɗe ana ba da labarinsa. Mai Fenti bai koma kujerarsa ba. Kan bencin 'yan wasa ya zauna, kusa da ɗansa, ya ɗora ƙafar yaron a cinyarsa. Da wani ya sake ɗaga murya da "Mai hassada," sai tsohon ya juya, da muryar nan da ake ji daga farkon layin shaguna zuwa ƙarshe.

"Kai mai jar hula! Sauko ka buga mana, tunda ka iya! Ko tsallen kwata ba ka iyawa!"

Zauren ya kwashe da dariya, kiran ya mutu. Yaran Dogo suka yi ta maza, suka matso, suka matso, amma lokaci ya ƙare kafin su kamo. Kofi ya tafi. Baƙin suka fita ba tare da sun nemi kowa ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da Dogo ya fito da ragar ƙwallaye a kafaɗa. Motar shagon fenti na bakin matakala. Auta na kujerar baya, ƙafa a miƙe, da ya hango shi sai ya juya fuska.

"Ka yi min alkawari," ya ce ta taga, bai kalle shi ba.

"Gwiwata na nuna, ba taka ba." Dogo ya gyara ragar a kafaɗa. "Amma na san abin da Baba zai gani. Idan ka ce na karya, ba zan yi musu ba."

Yaron ya ƙara kawar da kai. Amma bai ɗaga gilashin tagar ba.

Mai Fenti ya zagayo yana kaɗa makulli. "Asibiti za mu. Idan sun gama da shi, kai za ka faɗi ranar da zai koma fili, ba shi ba, ba ni ba. Fenti ba ya gudu."

"Na gode, Baba."

"Ban gama ba." Ya yi gyaran murya, yana kallon tayar mota. "Shekara nawa ina kallon hoton nan, ban taɓa lura da ƙafar da ka taka ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, na san Auta bai haska ba yau. Maganar da ka yi…"

"Ni na yi maganar, ni na san abin da nake nufi. Ka turo manyanka." Ya buɗe ƙofa, ya sake juyowa. "Amma wannan kawun naka mai dogon bayani, ka ce masa ya taƙaita. Ina da shago."

Ya shiga, ya danna ham. "Ke! Za ki zo ko a nan za ki kwana?"

Tana can saman matakala, ta rufe baki da hankicin nan. Dogo bai iya ɗaga ido ya dube ta a gaban mahaifinta ba. Ya tsaya kai a ƙasa, kamar yadda yake zama a ƙarshen benci, ya kasa kunne.

Ya ji takunta na saukowa, ɗaya bayan ɗaya, a nutse, irin na Malamar ɗakin karatu. Da ta zo matakala biyun ƙarshe sai takun ya ɗauke.

Ta dira a gefensa da ƙafafu biyu, dim-dim.